Yadda Inna Ta Raba Mana Numfashi

Ranar sunan ɗiyar Maryam ina kishingiɗe a ɗakina, ana zaton barci nake, sai na ji ta ta taga tana yi wa wata ƙanwar mijinta bayanin ciwona. Da muryar nan tata ta ma'aikatan asibiti, mai kama da ana karanta takardar magani, ta ce ai Baba taurin kai ya yi, hukuma ta kawo takunkumi har gareji ya ƙi sawa, Baffa Isyaku ya sa, ga shi nan yau garau. Ban tanka ba, don ranar farin ciki ce, kuma ko na so tankawar, numfashin da zan yi doguwar magana da shi babu. Amma na lura ba Maryam kaɗai ba ce, dukanku haka kuka ɗauki labarin. Kun dubi baffanku, kun dube ni, kun yanke hukunci. To, tunda alƙalami ba ya neman iska, bari in rubuta muku yadda aka yi. Kuma tun daga farko ku sani, kada a ce na ɓoye: ina kishin baffanku. Ba hassada ba ce, don ban taɓa roƙon Allah ya raba shi da abin da ya samu ba. Amma kishi kam ina yi, tun daga shekarar da zan ba ku labari har zuwa safiyar yau da na ji shi yana ƙwala wa jikansa kira daga wancan ƙarshen layi ba tare da ya tsaya ya huta ba.

Kakanku daga ƙasar Katsina ya zo garin nan yana yaron mota, ya ƙare a fentin mota, kuma shi ya kafa garejinmu na Unguwar Shanu. Gareji dai suna ne. Rumfar kwano ce da fili, kwamfuresa mai ba bindigar feshi iska a gefe tana ta gurnani, mai gyaran jikin mota yana dukan ƙarfe a hannun dama, mai tuwo tana tuƙi a bayanmu. In muna feshi, hazon fentin nan kan kowa yake sauka, har kajin maƙwabta sai ka ga sun yi ruwan motar da muka fesa. Mu biyu Baba ya koya wa aikin, ni da Isyaku, kuma ba yabon kai ba, ni na ɗauko hannunsa. Baba da hanci yake haɗa fenti. Zai zuba tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya juya, ya kai hanci bakin gwangwani ya shaƙa, ya ce a ƙara ko a bari. Haka ni ma na tashi, kafin in yi gemu na san ƙamshin fentin da ya yi daidai da wanda zai yi wa mota hawaye. Isyaku kuwa, Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi iya yinsa a kansa. Ko ƙofa ɗaya ka ba shi sai fenti ya zubo mata kamar majinar yaro. Saboda haka aikinsa gugar sanfefa da liƙe gilasai da tsofaffin jaridu. Da Baba ya rasu, bayan wani tari da kowa ya ce sanyi ne ya kama shi, ba a ma yi shawara ba, bindigar feshinsa hannuna ta faɗo.

Akwai abu biyu da sai kun riƙe kafin ku gane sauran. Na farko madara. Duk mai fenti a garin nan a lokacin, in ya gama feshi ya ajiye bindiga, sai ya huda gwangwanin madara ya kafa kai. Mun yi imani tana wanke fentin da ya shiga ƙirji, kamar yadda tina ke wanke bindiga. Baba ya sha, ubangidan Baba ya sha, ba wanda ya taɓa tambayar ta wace hanya madarar da ta bi maƙoshi zuwa ciki za ta ratse ta leƙa huhu. Ni ban ma taɓa saye da kaina ba bayan na yi aure. Kullum in aka kawo mini abincin rana daga gida, akwai gwangwani ɗaya a gefen kwano, ɗaure a leda. Nakan ce a raina, Hajara kam ta san darajar miji.

Na biyu kuwa Inna. Ku da kuka tashi uwarku na kiran Maryam da sunanta ƙiri-ƙiri, ba za ku gane ba. Ni ɗan fari ne, kuma Inna mutuniyar da ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son a kira ni sai ta ce a kira wancan, da na girma na zama mai garejin. Ba ta zama inda na zauna, ba ta dubana ido cikin ido, in na yi ciwo sai dai ta aiko. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce, kunyar ɗan fari. Amma ku gwada zama yaro a gidan da ake kiran sunan ƙaninku tun daga asuba har magariba. Isyaku ka ci? Isyaku sa riga. Isyaku wannan tarin fa? Shi ne auta, kuma ya taso da ɗan ciwon ƙirji da kan tashi da damina, sai ya zama ko atishawa ya yi gidan ya ɗauka. Ni kuwa an ce ƙirjina kamar na doki, saboda haka ba mai tambaya.

Shekarar da aka haifi ɗan'uwanku Bashir, wata safiya muna shirin fesa wata tsohuwar tasi, sai ga mota ta tsaya, wata mata ta fito da farar riga a kan atamfa. Daga ofishin da ke kula da lafiyar ma'aikata take. Masu gareji suka sa mata suna Hajiya Duba-gari, ko da yake ba kwata ta zo dubawa ba, iska ta zo dubawa. Mun yi dariya sosai a kan wannan. Ta gaisa da kowa cikin mutunci, ta tambayi wane ne mai feshi, aka nuna ni. Sai ta ciro wata 'yar na'ura kamar rediyon aljihu ta ce a ɗaura mini a ƙugu, da siririn tiyo da ya hau har wuyan rigata. Ta ce abin da hancina ya shaƙa, shi ma zai shaƙa. Na yi feshina ina taƙama, don a gaskiya na ɗauka gwaninta ake aunawa. Da na gama na huda gwangwanina na sha a gabanta.

"Malam Haruna, wannan fa?" in ji ta.

Na ce, "Maganin aikin ke nan, Hajiya. Gado muka yi."

Ta ce, "Madara abinci ce, sha abarka. Amma ciki take zuwa. Wanda ka shaƙa yana wani ɗakin daban, kuma ba ƙofa tsakaninsu."

Bayan 'yan makonni ta dawo, wannan karon ba dariya. Ta tara mu masu garejin yankin ta ce abin da na'urarta ta kwaso a wuyan rigata ya wuce abin da doka ta yarda ɗan Adam ya shaƙa, nesa ba kusa ba. Ta ce daga yanzu ba feshi a fili kusa da gidaje da masu abinci. Kowane gareji ya keɓe ɗaki rufaffe, da fanka mai zuƙe iska ta fitar ta sama. Tina da fenti a rufe su, a daina wanke hannu da tina kafin cin tuwo. Sannan kowane gareji za a ɗauki mutum ɗaya a koya masa aikin, a ba shi takunkumi na gaske. Ta buɗe kwali ta nuna mana: baƙar roba mai rufe hanci da baki, da wasu gwangwanaye biyu a kumatu masu tace iska. A lokacin ko ka zaga kasuwannin Kaduna kaf ba za ka same shi ba, sai farin ƙyallen nan da ba ya tare komai. Ta ce ba a aronsa, don ana daidaita shi da fuskar mai shi. Kuma ta faɗi maganar da ita ce ginshiƙin komai: wanda ke da takunkumi, shi kaɗai zai shiga ɗakin feshi. Ta miƙo mini namu hannu da hannu.

Maryam, ki karanta nan sau biyu. Na karɓa. Ban ƙi ba. Na rungume kwalin nan na taho da shi gida a kan babur kamar wanda aka ba sarauta, ina shiga na sa shi a tsakar gida, uwarku ta yi ta dariya tana cewa na zama ƙwaro. Inna na bakin murhu tana suyar ƙuli-ƙulinta na sayarwa, ba ta ko ɗago ba. Isyaku ne ya zauna kusa da ita yana ba ta labarin abin da Hajiya ta ce, yana ƙara gishiri, har da cewa hazon fenti ne ya ci Baba. Ina gani hannun Inna ya tsaya da juya mai. Da la'asar ina alwala ta fito ta tsaya nesa da ni, ta juya fuska wajen katanga, kamar yadda takan yi in magana ta kama dole.

Ta ce, "A gaya ma mai garejin, abin nan na roba ya ba ƙaninai."

Hajara ta ce, "Inna, ai shi aka ba. Shi ke feshin."

Inna ta ce, "Na jiya. Shi yana da abin da ya fi roba. Wannan kau ƙirji gare shi tun yana goye. A ba shi ya rufe hancinai."

Ta koma ɗaki. Ruwan buta yana zuba a ƙafata ban sani ba. Abin da ya fi roba, wato ƙirjin doki, haka na fassara. A shekara talatin da wani abu, da mata da 'ya'ya, na ji kishin nan na yarinta ya taso mini. Sau ɗaya a rayuwata wani ya dubi gidanmu ya ce Haruna ne ke cikin haɗari, Haruna za a kare, har da na'urar da ta shaida, amma Inna ta sa hannu ta ɗauke ta miƙa wa auta. Na san ba ta fahimci cewa takunkumin da bindiga tare suke tafiya ba. A ganinta wani abin rufe hanci ne kamar gyale. Ina iya zuwa in yi mata bayani, amma ta yaya? Mutumin da bai taɓa zama da uwarsa sun yi hira ba, ranar farko da zai buɗe baki sai ya ce mata ni ma ina tsoron mutuwa, ki bar mini? Bakina bai iya ba. Kuma a gidanmu in Inna ta yi rabo, ko na nama ne ko na tuwo, ba a mayar da kwano.

Washegari na kai Isyaku ofishinsu Hajiya na ce a sa sunansa. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Haruna, kai na auna fa, ba shi ba. Ka san in ka ba shi, ka ba shi ɗakin ke nan?"

Na ce na sani.

"To, me ya sa?"

Na ce, "Umarnin mahaifiya ne."

'Yar Hausawa ce, ta san ba a ja da wannan. Ta ce za ta nema mini wani in an sake kawowa, amma kafin nan kada in kuskura in yi feshi. Isyaku a hanya ya ce, Yaya, wallahi in ba ka so a fasa. Na ce masa ya rufe mini baki. Ya kuwa rufe, da sauri ma, kuma wannan saurin ma na riƙe shi a zuciya.

Aka tafi da shi koyo, ya dawo da takardar shaida da sabon baki. Yaron da bai iya fesa ƙofa ba ya dawo yana gaya mini yadda ake rufe gwangwani. Muka gina ɗakin da bulo a ƙarshen fili, da hannuna na ɗaura fankar, na sa gilashi a jikin ƙofa. Ranar da aka shigar da motar farko, ni na haɗa fentin, shuɗi mai duhu, na miƙa masa bindigar Baba ta ƙofa, ya ja ya rufe. Na tsaya a gilashi ina kallo. Ba zan yi muku ƙarya ba, jira nake ya ɓata. Na ma tanadi abin da zan faɗa in fentin ya yi hawaye, magana mai laushi irin ta babban wa, wadda za ta yi masa zafi har shekara. Aka buɗe ƙofa bayan ta bushe. Motar nan tana ɗaukar ido, kana ganin fuskarka a jikinta kamar a madubi. Ba ƙura ko ɗaya, ba ƙwaro da ya maƙale, ba inda iska ta kwashe feshin ta kai gefe. Duk abin da na shekara ina yaƙi da shi a fili da gwanintar hannu, bango huɗu da fanka sun yi wa Isyaku shi kyauta. An kuma koya masa auna tina da ɗan kofi mai zane, ba ruwansa da hanci. Mai motar ya riƙe hannunsa yana girgizawa yana cewa ashe gidan naku duk gwanaye ne, har ƙaramin ya fi. Ina tsaye a wurin da gwangwanin fenti a hannu.

Daga nan motocin kamfanoni suka fara zuwa, don su sai gareji mai takarda suke ba aiki, kuma takarda sunan Isyaku ke kai. Masu zuwa suna tambayar Injiniya Isyaku. Injiniya! Ni kuma na koma haɗa kala da gugar sanfefa, wato muka yi musayar wuri ni da shi cif. A gida Inna ta samu sabon abin faɗi, Isyaku an gode Allah tarin ya yi sauƙi, Isyaku an yi ƙiba. Takunkumi na biyu da Hajiya ta yi alkawari shiru, ita ma aka yi mata canjin wurin aiki. Baffanku bai taɓa yi mini rashin kunya ba, wannan in ban faɗa ba na zalunce shi. Komai aka samu a raba daidai, in zai yi magana sai ya ce Yaya me ka gani. Amma wannan ladabin ma ƙona ni yake, don mai abu ne kawai ke iya irin wannan sauƙin kai.

Kafin shekara ta zagayo na yanke shawara. Na sayi tsohuwar kwamfuresa da wata bindiga, na samu fili a bakin hanya can wajen Rigachikun, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, inda ba gidaje kusa balle a ce na dami wani. Na koma feshina a fili. Uwarku ta yi kuka, Isyaku ya biyo ni har can yana roƙo, na ce masa gareji ɗaya ba ya ɗaukar masu feshi biyu. Na ce wa kaina ai fili ne, iska na kwashewa, ga kuma madarata. Don kullum in na ɗauki kwanon abincina zan fita, gwangwanin nan yana nan ɗaure a leda, bai taɓa fashi ba. Wannan shawarata ce, ban ɗora wa kowa ba, kuma da kuɗin mangwaron nan kuka yi makaranta, har wadda ke cewa na yi taurin kai. Da takunkumi ya shigo kasuwa bayan shekaru, na saya na sa, ku tambayi uwarku. Sai dai a lokacin na riga na fara tsayawa hutu tsakanin gida da masallaci.

Sauran kun gani da idonku. Tarin da ba ya jin magani, ƙirji yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, har ranar da na faɗi a gindin mota aka kwashe ni zuwa asibiti. Abin da ba ku gani ba shi ne abin da ya faru a ranar da aka sa mini tiyon iska a hanci, don an kore ku waje. Da hantsi Isyaku ya shigo riƙe da hannun Inna. Ta tsufa sosai lokacin, ba ta fita ko'ina, amma ta ce sai an kawo ta. Ba ta zo bakin gadona ba. Ta zauna a kujera can wajen ƙafafuna, ta ba ni gefe, ta kwance bakin zaninta ta ciro gwangwanin madara ta miƙa wa Hajara. Likita na tsaye yana rubutu, wani yaro mai fara'a, ya gani ya yi murmushi.

Ya ce, "Mama, a ba shi in yana so. Amma madara ba ta taɓa yi wa huhu komai ba. Da abin rufe hanci na kirki ya samu tun farko, da ba mu kai nan ba."

Inna ta ce, "Yaro, me ka ce?"

Ya maimaita mata a hankali, yana zaton kunne ne. Ya fita. Can Inna ta yi magana, ba da ni ba, da Hajara.

"Ke Hajara, ashe ba magani ba ce? Ubansu ita ya sha. Ni da na ga abu biyu ne, magani da roba, sai na ce wanda ke cikin hayaƙin shi za a ba maganin. Robar a ba ƙaramin ya yi wasa da ita, ya bar ganin an ware shi."

Hajara ta fashe da kuka. Ta juyo ta ce mini, Malam, ka yafe mini, ita ta hana ni faɗa. Ashe tun ranar da aka kawo uwarku gidan nan, ba ta taɓa saya mini madara ba. Inna ce. Daga cinikin ƙuli-ƙulinta take aikawa a sayo, ta ɗaure a leda da hannunta, ta tura ɗakin Hajara kafin in fito, da gargaɗin in ta kuskura ta gaya wa mai garejin ba ita ba ita. Duk shekarun Unguwar Shanu, duk shekarun mangwaro, har ranar da ƙafa ta hana ta suya ta koma karɓa a hannun Isyaku da sunan kuɗin goro. Abin da ya fi roba da ta faɗa a bakin katanga, ba ƙirjina take nufi ba.

Isyaku yana jingine da bango, ya share ido ya yi wata 'yar dariya.

Ya ce, "Yaya, ni fa na sani. Tun muna gareji nake ganin tana ɗaurawa. Ni ma ai ina shaƙar hazon nan, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaura mini ba. Wallahi na daɗe ina jin haushinka a kan gwangwanin nan."

Na so in yi dariya, tari ya hana ni. Wai shi ke jin haushina. Shi da ƙirjinsa fes, da garejin Baba, da sunan Injiniya, yana kishin gwangwani. Inna dai ba ta juyo ba. Ta miƙa hannu a hankali ta dafa ƙafata ta kan bargo, tana kallon ƙofa, kamar hannun ba nata ba ne. Ba ta kira sunana ba, har ta koma ga Allah a daminar da ta biyo baya ba ta kira ba. Amma hannun ya daɗe a wurin, kuma ni ban motsa ƙafar ba ko da ta yi sanyi.

Kada ku zaci daga ranar kishin ya tafi. Ina ya tafi? Baffanku yanzu shi ke zagayawa da ma'aikatan lafiya gareji-gareji yana koya wa matasa sa takunkumi, kuma na san da labarin wa yake tsorata su, ko da ba ya faɗin suna. Bashir da ya tashi koyon aikin, wurinsa na tura shi, ɗaki mai fanka, ba gindin mangwaro ba, kuma ranar da na ji yana cewa Baffa ya ce kaza, Baffa ya ce kaza, sai da abinci ya fita raina. In liman ya yi tafiya Isyaku ke jan mu sallah, ya ɗauko doguwar sura ya tafi da ita tiryan-tiryan, ni ina sahun baya a kan kujera ina raba Fatiha gida-gida don in samu ta kai ƙarshe. A nan kishin kan taso mini, a cikin sallah, Allah ya yafe mini. Shi ya samu kason da ke aiki. Ni na samu wanda aka zaɓa da zuciya ɗaya aka ba wanda aka fi jin tsoron rasawa, sai aka yi rashin sa'a ba ya aiki. Na sha zama ina auna su biyun, kuma ba kullum nake samun amsa iri ɗaya ba. Ranar da numfashi ya yi wuya, da za a ce in mayar a ba ni robar, ina jin zan mayar.

Saboda haka Maryam, gyara labarinki. Ubanki bai ƙi takunkumi ba, bayarwa ya yi. Ki ci gaba da gaya wa duk mai fentin da ya zo asibitinku cewa madara ba ta wanke huhu, gaskiya ce, ni ne shaida, in suna gardama ki turo su su ji yadda nake hawa matakalar masallaci. Amma gwangwanin nan da kike gani uwarku na ajiye mini a gefen kwano da rana, wanda kullum kike cewa Baba wannan ba ya maka komai, sai ƙara maka majina, ki daina ɗauke shi. Na san ba ya yi. Ki bar mini abuna.